Waɗanda ƙwaya ta shiga gidajensu a Kano, ku faɗa mana

Wata yaya, Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne, bai cika ashirin ba. Ya daina cin abinci, ido jajir, barci har azahar, kuma Hajiya ta ce kada maganar ta fita waje. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da kayan maye a Najeriya, na Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya. To me muke ɓoyewa? Duk wanda abin ya taɓa shafa, don Allah ya faɗa mana yadda suka yi.

Mai adaidaita, Kurna: Wa alaikumus salam Yaya. A wajenmu da sunan neman ƙarfi ake farawa. Mutum yana son haɗa balas ɗin mai mashin, sai a miƙo masa tiramol a ce ba zai ji gajiya ba. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, amma na bayan fage har 225. A gabana abokin aikina ya yanke jiki ya faɗi wajen mai shayi, yana karkarwa, kumfa na fita, ya ciji harshensa. Mutane suka ce iska ce. Likita ya ce farfaɗiya ce ta tiramol.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yar uwa, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗi. Kodin na maganin tari da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diazefam duk suna rage numfashi, idan aka haɗa su numfashin na iya tsayawa cikin barci. Na sha karɓar yaran da aka bari a ɗaki wai sai ta sake su. In kin ga yana munshari mai nauyi, leɓe ya sauya launi, an tashe shi bai tashi ba, ki kwantar da shi a gefe ɗaya, ku nufi asibiti nan take. Kuma wanda ya daɗe yana shan roci kada a yanke masa rana ɗaya, hakan ma na kawo farfaɗiya. Likita ne ke rage masa a hankali. Akwai asibitin Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano.

Wata uwa, Ɗorayi: Ku daina zaton na maza ne kawai. Wancan binciken ma ya ce cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Tawa 'yar a gidan biki ta koya, a robar lemo ake juye kodin ɗin. Da gwamnati ta hana shi a 2018 na yi murna, ashe tsada kawai ya yi, ta koma ƙwaya.

Wani baba, Hotoro: 'Yata, ki gaya wa Hajiya kada ta bari a kai shi gidan mari. An kai ɗan wana, ya dawo da miki a idon sawu da fushi a zuci, ranar da ya fito ya koma. Asibiti ne ya taimaka, sannan muka haɗa shi da wani tela a wata unguwa, nesa da tsoffin abokansa. Ya taɓa komawa ruwa, muka sake mai da shi wajen likita. Ku fara da samun wanda yaron ke jin nauyinsa a dangi ya raka shi.