Neman shawara kan fitilun bango masu salon Arewacin Turai

Tambaya

Assalamu alaikum. Mun kammala fentin falo da ɗakin kwana, bangon duka fari ne, kuma ina sha'awar fitilun bango irin na ƙasashen Danmak, Suwidin, Norwe da Finlan, waɗanda ba su da tarkacen ado. Na taɓa sayen wata mai ƙwai a fili saboda ta burge ni a hoto, amma da na kunna ta da daddare sai na kasa zama kusa da ita, domin hasken yana sukar ido. Me ya kamata in duba kafin in sake saye?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya same ki shi ne ainihin matsalar da wannan salo ya taso domin magancewa. Mutanen waɗannan ƙasashe suna shafe watannin hunturu cikin dogon dare, saboda haka suka ɗauki hasken cikin gida da muhimmanci ƙwarai. Poul Henningsen, ɗan Danmak da aka haifa a 1894, ya tashi ne da hasken fitilar kananzir, kuma da lantarki ya zo sai ya ga ƙwan yana kashe ido, don haka a 1926 ya fito da fitila mai murfi hawa uku tare da kamfanin Louis Poulsen, wadda ke ɓoye ƙwan ta kowace kusurwa, ta kuma watsa hasken a hankali. Shawarata ita ce kada ki yanke hukunci kan fitila tana kashe. Ki sa a kunna miki ita, ki zauna, ki miƙe, ki koma gefe. Idan kin hango ƙwan da kansa, ki bar ta komai kyawunta. Gilashi mai launin madara ko murfin ƙarfe mai farin ciki su ne suka fi tausasa haske.

Amsa ta biyu

Na yarda da Malam, sai dai aikin kowace fitila daban ne. Ta gefen gado, wadda za a yi karatu da ita, tana buƙatar kai mai juyawa, kamar wadda Arne Jacobsen, mai zanen gine-gine ɗan Danmak, ya zana wa otal ɗin SAS Royal na birnin Kopenhagen da aka buɗe a 1960. A kafa ta daidai kafaɗar mutum yana zaune, makunnin kuma inda hannu zai kai ba tare da an tashi ba. Ta falo kuwa, wajen santimita 150 zuwa 170 daga ƙasa ya wadatar. Sannan ki lura da ƙwan: mai lamba 2700K yana ba da haske mai ɗumi, yayin da 6500K kan farin bango yake mayar da ɗaki tamkar asibiti.

Amsa ta uku

Tunda an riga an yi fenti, Hajiya, ba lallai ne a fasa bango a binne waya ba. Akwai masu igiya da ake jonawa a soket, kuma a wannan salo ba a ɗaukar igiyar a matsayin aibi muddin ta sauka a miƙe. Ki tsaya kan launi ɗaya marar sheƙi, ko baƙi ko fari ko tagulla. Idan har da banɗaki, ki nemi mai alamar IP44 saboda feshin ruwa.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. Zan fara da guda biyu masu igiya a gefen gado, in ga yadda haskensu yake kwanciya a bango kafin in taɓa falo.