Bakwainina ya kai wata 5 wuyansa bai tsaya ba

Maman Sadiƙ, Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san jikin jarirai ya fahimtar da ni. Na haihu ciki na da mako 31, yaron ya kwana biyu a kwalba kafin a sallame mu. Yanzu watansa 5, yana shan nono, yana bin mutum da ido, yana murmushi, amma da na ɗaga shi sai kan ya rinjaya. 'Yar maƙwabciyata da suke sa'anni har an fara koya mata zama. Hajiya, uwar mijina, ta ce gashi ne bai samu ba, wai sanyin Jos ya sa na yi ta naɗe shi, a dawo masa da ruwan zafi. Abin da ya ɗaure min kai, yaron nan yana ciki harbina yake har barci ya gagare ni. Ina ƙarfin ya tafi?

Anti Ladi, ungozoma:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya. Bakwaini ba daga ranar haihuwa ake masa lissafi ba, daga ranar da ya kamata ya cika mako 40 ne. Cire mako 9, kin ga Sadiƙ ɗan wata 3 ne, kuma wuya kan tsaya ne tsakanin wata 3 da 4. Ki lallaɓa Hajiya a bar ruwan zafin, fatarsa ba ta da kauri, ƙuna zai jawo.

Auwal, ma'aikacin sashen fisiyo (masu kula da motsin jiki da gaɓoɓi a asibiti):
Maman Sadiƙ, ƙarfin bai tafi ko'ina ba. A ciki cikin ruwa yake, ruwan ke ɗauke masa nauyi. Harbi kuwa takurewar tsoka ce ta lokaci guda, ta ja ta saki. Riƙe kai wani aiki ne daban, dole tsokar wuya ta daɗe a ɗaure ba ta gaji ba.

Tsoka na fara haɗuwa tun wata na biyu na ciki, ƙananan ƙwayoyi su manne da juna su zama dogayen zaruruwa. Wajen mako 7 zuwa 8 ana iya ganin motsi a sikanin, uwa ce ba ta ji sai mako 16 zuwa 20. Amma sinadarin miyosin da ke jan zaren a lokacin na ɗan tayi ne, a hankali jiki ke musanya shi da irin na manya. Zaruruwan ma iri biyu suke rabuwa: masu sauri da ke saurin gajiya, da masu jinkiri masu juriya. Masu juriyar nan su ke zuwa a makare. A tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai a bakwaini, wajen 25 a wanda ya cika watanninsa, sai can wajen wata 8 bayan haihuwa su haura rabi. Wannan na cikin dalilan da ake sa wa numfashin bakwaini ido sosai a kwalba.

Bayan haihuwa yawan zaruruwan ba ya ƙaruwa sosai, kauri da tsawo suke yi, kuma aiki ke sa su yi. Gashi daga waje ba ya sa tsoka ta ja. Ki riƙa kwantar da shi rub da ciki a ƙirjinki ko kan tabarma yana farke, kina kusa, minti kaɗan sau da yawa a rana. Barci kam a rigingine.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta. To yaushe ya kamata in damu?

Auwal:
In ya kai wata 4 a lissafin Anti Ladi bai ɗaga kai ba, ko jikinsa ya saki laɓa-laɓa, ko ya sandare, ko ɓangare ɗaya kawai yake motsawa, ko tsotson nono ya yi rauni, kada ki jira ranar rigakafi. Ki kai shi likitan yara, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ki tafi da katin sallamarsa don su ga makon da aka haife shi.