Ƙungiyar rock ta fara tashe a garinsu: me ya kamata su fara gyarawa?

Mai_Jita:
Assalamu alaikum. Idan makaɗan rock su huɗu (mai jita, mai bes wato jita mai kaurin amo, mai ganga da mawaƙi) suka yi waƙar da ta karɓu a garinsu har ana gayyatarsu wasa a wasu garuruwa, me za su fara gyarawa don kada tashen ya mutu? Kuma ta ina masu zane da masu hoto na garin za su ci moriya?

Ɗan_Situdiyo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, su fara da takarda. A kowace waƙa a rubuta wanda ya tsara kiɗa, wanda ya rubuta baiti, da kason kowa, duk su sa hannu tun kuɗi bai shigo ba. Nan ne rigima take tashi, domin haƙƙi biyu ne: na waƙar kanta, da na faifan da aka naɗa. Mai ganga yana iya samun kaso a na biyu ba tare da na farko ba, kuma ba kowa ya san haka ba.

Wajen ɗora waƙa a intanet, a bi ta kamfanin rarrabawa kamar DistroKid ko TuneCore, da fayil ɗin sauti irin na WAV mai ingancin 16-bit, 44.1kHz. Kowace waƙa tana samun lambar ISRC, wato lambar shaidar waƙar da aka naɗa. A adana ta, don in an sauya kamfanin rarrabawa da sabuwar lamba, ana iya rasa lissafin sauraron baya. Spotify, manhajar sauraron waƙa, ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 sai waƙa ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 kafin a biya ta.

Injiniyan_Dandali:
Malam ya yi gaskiya, amma a dandali ake zubar da mutunci. Gwajin sauti yana da tsari: ganguna, sai bes, sai jita, murya a ƙarshe. Matsalar kullum mai jita ce. Yana ƙure amfulifayarsa (akwatin ƙara sautin jita), mawaƙi ya daina jin kansa, a ƙara masa sifikar gabansa, sai sautin sifikar ya koma cikin makirufo ya kama ƙara. A rage amfulifayar, a jingina ta ta kalli kunnen mai ita, a sa mata makirufo ƙirar Shure SM57. Mawaƙi kuma ya daina rufe kan makirufo da tafin hannu, wannan ma yana jawo ƙarar.

Uwar_Zane:
Ƙanena, batun masu zane ba a barinsa ga kara. Hoton bangon faifai a yi shi da girman pixel (ɗigon hoto) 3000 sau 3000, a kuma rubuta ko na faifai ne kawai ko har da riguna da fosta. Mai zane ya karɓi kuɗin bango, daga baya ya ga zanensa a jikin riga ana sayarwa, shi ke kashe zumunci. A sa sunan mai hoto a duk inda aka wallafa aikinsa. A kowane wasa kuma su ba wata ƙaramar ƙungiyar garin minti 20 zuwa 30 ta buɗe fage, a biya ta ko da kaɗan ne.

Mai_Jita:
Na gode. To rigunan fa, wa ya kamata ya riƙe lissafinsu?

Uwar_Zane:
Mutum ɗaya, wanda ba ya hawa dandali. Ya ƙirga kafin wasa, ya sake ƙirgawa bayan an tashi.