Laimar kwaɗin da ta fito a jikin suri da ta filin ƙwallo, iri ɗaya ce?

Malamin_Bayoloji: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare a wajen Zariya. Tun da ruwan Agusta ya kankama laimar kwaɗi ta cika mana makaranta, ɗalibai kuma sun tasa ni gaba da tambaya. Iri biyu na gani. Ta farko a gindin wani babban suri take fitowa bayan ɗakin gwaji, hularta ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗan tsini mai tauri a tsakiya. Na ja ɗaya ta tsinke, ga alama akwai sauranta a cikin ƙasa. Ta biyu a cikin ciyawar filin ƙwallo take, sun jeru sun yi da'ira, farare tas, da ɓawo-ɓawo mai duhu a saman hula da zobe a jikin kara, girman wata ya kai faɗin tafin hannuna biyu. Mai gadinmu ya ce duk naman kaza ne, a garinsu miya ake yi da su. Ni dai na hana kowa taɓawa. Muna da tsohon maikiroskof mai madubi da ke kai ninki 400. Me zan duba?

Goggon_Kafanchan: Wa alaikumus salam Malam. Ta surin nan tun muna yara muke cin ta, amma ba a fizge ta. Da sanda ake tona gefe, za ka ga doguwar saiwa ta yi ƙasa, wani lokaci har tsawon kamu biyu. Iyayenmu idan ba su ga saiwar ba, ba ta shiga tukunya. Ta cikin ciyawa kuwa ban taɓa ganin wanda ya san abin ya tsince ta ba. Ka ce wa mai gadin ya yi haƙuri da ta filin.

Mai_Gwaji_Samaru: Allah ya gafarta Malam, Goggo ta riga ta ba ka rabin amsa. Ta surin ina kyautata zaton Termitomyces ce, wadda masanin Faransa Roger Heim ya raɗa wa suna a 1942. Gara ce ke noma ta. A can cikin suri gara tana tauna itace da ciyawa ta gina wata saƙa, naman gwarin, wato asalin jikin laimar, ya yaɗu a kai ya narkar da abin, gara ta ci. Da damina sai ya turo kai waje, tsinin nan da ka gani shi ke huda ƙasa, saiwar kuma tana komawa har kan saƙar. Shi ya sa ba ka samun ta inda babu gara mai rai a ƙasa. A Zambiya akwai 'yar uwarta, titanicus, da hularta kan kusa mita guda.

Amma kar suri kaɗai ya ruɗe ka. A wuraren da suka fi bushewa wata daban mai suna Podaxis ma kan fito a kan suri, wata kuma mai suna Xylaria tana mamaye saƙar da gara ta gudu ta bari. Sai an haɗa wuri da siffa.

Kafin ka ɗauko maikiroskof, yi wannan. Yanke hular kowacce, ka zaɓi wadda ta buɗe sosai, ka kife ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi ta kwana. Da safe za ka tarar da ƙurar iri ta zuba. Ta Termitomyces kan fito ruwan hoda mai haske. Idan ta filin ta ba ka kore-kore mai duhu, to magana ta ƙare, Chlorophyllum molybdites ce, mai guba. Matsalarta ita ce tana ƙarama shafukan ƙarƙashin hularta farare ne sol, sai ta manyanta suke juyawa kore, kuma masu tsinta ƙananan suka fi so.

Daga nan ka ɗebi ƙurar da bakin allura ka sa a ɗigon ruwa a gilashi. Ƙwayoyin Chlorophyllum sun fi girma, tsawonsu wajen maikiromita 9 zuwa 12 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), bangonsu da kauri, kuma kai ɗaya kamar an datse shi, a nan ƙofar tsirowa take. Na Termitomyces ƙanana ne, galibi 6 zuwa 8, sumul, bangon siriri, babu wannan ƙofa. In ba ka da ma'auni a idon na'urar, ajiye gilashin jini na koyarwa a gefe: jajayen ƙwayoyin jinin mutum kusan 7 zuwa 8 ne, sai ka kwatanta. Da kana da ruwan Melzer, wani ruwan rini mai aidin da ake gwaji da shi, na Chlorophyllum za su rine ja-ja, na suri ba za su canja ba. Aidin na Lugol yana ɗan nunawa, amma ban cika dogara da shi ba.

Nas_Hadiza: Malam, ni ta ɓangaren gadon asibiti zan yi magana. Mai koren ƙurar nan cikin awa ɗaya zuwa uku take fara aiki, amai da zawo ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci har da jini. Babba yakan tashi bayan ƙarin ruwa, yaro ne abin tsoro. Dafuwa ba abin dogaro ba ce, haka zancen wai in ƙwari sun ci mutum ma zai iya ci. Wadda ta fi ba ni tsoro ma ita ce dangin Amanita masu lalata hanta, don sai bayan awa shida ko fiye ciwon ke bayyana, ya lafa kamar an warke, alhali hanta na mutuwa. Duk wanda ya ci ya ji ba daidai ba a kawo shi da wuri, a taho da ragowar abin, ɗanye in da hali.

Mai_Gwaji_Samaru: Gaskiyar Sista. Dangin Amanita a wajenmu an fi samun su a dajin doka, don da saiwar bishiyar suke haɗa rayuwa. Ƙurarsu fara ce, kuma da yawansu suna da jaka a gindi, a binne. Wani dalilin ke nan na tonowa gaba ɗaya.

Malamin_Bayoloji: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ta filin ta ba da kore kamar gansakuka, na kira mai gadi ya gani da idonsa, ya daɗe yana jinjina kai. Ta surin mun tona da 'yan aji biyar har muka iske saƙar da gara na yawo a kai, ƙurarta kuma hoda-hoda ce. Datsattsen kan nan na gan shi a wasu ƙwayoyin, a wasu bai fito ba, wataƙila hasken madubin ne ya yi yawa. Sai dai ga sabuwa: yau yara sun nuna mini wasu mitsi-mitsi farare, ɗaruruwa, a kan ƙasar da gara ta turo waje kusa da surin, kuma ko ɗaya ba ta da doguwar saiwa. Malam na Samaru, su kuma fa?