Wai fim ɗina camama ne

Ɗan Fagge: Jama'a ku yi min alƙalanci. Na kai fim ɗin kammala karatu, barkwanci ne gajere, malam ya kalla ya ce wai camama ce, ya zaftare min maki. Laifina kawai na ja kyamara baya a wurin da jarumin ya afka kwata. Ai haka ake ɗaukar barkwancin jiki, a bar mai kallo ya ga mutum da ramin a hoto ɗaya. Ka matso da kyamara fuska, tausayi za a ji ba dariya ba. A wani fim na 1928 bangon gida sukutum ya faɗo wa ɗan wasan barkwancin Amurka Buster Keaton, taga ta ratsa ta kansa yana tsaye, ba a yanka hoton ba.

'Yar Gwammaja: To camamar zagi ce? Da ita marigayi Ibro ya shiga kowane gida a Arewa. Tun rasuwarsa a 2014 wa ya maye gurbinsa?

Mai Tace Hoto: Hajiya, camama ba barkwanci ake nufi ba, aikin gaggawa ne. Ba rubutaccen labari, a fara yau a tashi jibi. Shi kuma ɗan'uwa, ina jin a tacewa ka yi ɓarna. Bayan faɗuwar sai ka ɗan dakata a kan fuskar wanda ya gani, nan dariya take fashewa.

'Yar Gwammaja: Wato Ibro aikin gaggawa ya yi? Allah ya isar masa!

Mai Tace Hoto: Yaushe na ambaci Ibro?

Bazazzagi: Ku Kanawa kun ɗauka da ku aka fara ban dariya. Kuna ina Kasimu Yero yake Karambana, Samanja yana Mazan Fama a talabijin ɗin Kaduna?

Ɗan Kurmi: Samanjan ai ɗan Pategi ne ta jihar Kwara, malam. Aro kuka yi.

Bazazzagi: Ku fa Bosho da Daushe, in an cire ihu da guje-guje me ya rage?

'Yar Gwammaja: Hassada ga mai rabo taki.

Ɗan Fagge: Don Allah maganar kyamara fa nake yi. Hoto mai faɗi ko na kusa?

Ɗan Kurmi: Kai ma da neman suna. Kana Kano kana kawo mana Baturen da ko magana ba ya yi a fim.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya amince Ibro ba shi da na biyu, kuma camama ba abin kunya ba ce. Mutumin Zariya ya zo da tsokana, bai kawo hujja ba. Ɗan Fagge, ka turo fim ɗin mu gani, ka kuma je ka ba malaminka haƙuri. Na rufe sharhi.