An aiko wa ƙanena sammacin kotun shige da fice a Amurka, ko 'yar da ya haifa a can za ta hana a koro shi?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya shiga Amurka da bizar ziyara a 2018, wata shidan da aka ba shi suka ƙare bai fito ba. Yana zaune a unguwar Bronx ta birnin New York da matarsa, ita ma ta haka ta shiga. A 2020 Allah ya ba su 'ya mace. Yanzu an aiko masa da takardar da suke kira NTA, wai ya bayyana gaban alƙali. Wasu na ce masa uban 'yar ƙasa ba a korarsa, wasu na cewa ya sauya gida ya yi shiru. Ga kuma maganar Trump ta soke zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa. Masu sani, mene ne gaskiyar lamarin?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Malam, kira shi yau ka ce masa kada ya kuskura ya ɓuya. Wanda bai halarci zama ba, alƙali yana yanke hukuncin kora a bayan idonsa, kuma warware wannan hukunci ya fi shari'ar kanta wuya: kwana 180 kawai ake ba shi ya kawo uzuri mai ƙarfi irin rashin lafiya mai tsanani, sai fa in ya tabbatar sammacin bai taɓa isa gare shi ba. A jikin takardar akwai lamba mai farawa da harafin A. Da ita zai riƙa duba ranar zama a shafin kotun ko ta layinsu na waya, aƙalla sau ɗaya a mako, domin ana matso da rana ko a ɗaga ta, wasiƙar kuma ta makara.

In ya tashi daga gidan, fom biyu na sauya adireshi zai cike, ba ɗaya ba. EOIR-33 na kotu cikin kwana biyar, AR-11 na hukumar shige da fice ta USCIS cikin kwana goma. Kotun tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, USCIS tana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, kuma sanar da ɗaya ba ya isar wa ɗayar. Nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Sanar da gidan waya sabon adireshi ma bai wadatar ba.

Hajiya Maman Sadik: Ɗana, waccan maganar ta "uban 'yar ƙasa ba a korarsa" zancen majalisa ne. Yarinyar 'yar Amurka ce, amma ba ta da ikon cike wa iyayenta fom I-130 na nema musu izinin zama sai ta cika shekara 21, wato 2041. Hanyar da ake jingina da yaro a kotu ita ce fom EOIR-42B na neman a soke kora, kuma sharuɗɗanta masu nauyi ne: zaman shekara 10 cur a ƙasar, kyakkyawan hali, babu wasu manyan laifuka, sannan a nuna korar za ta jefa yarinyar cikin wahala wadda ta wuce misali. Kewar uba da raguwar kuɗin cefane ba sa cikin lissafin alƙali. Abin da ke tasiri shi ne irin yaro mai ciwon sikila da takardun asibiti da ke nuna maganin da yake sha da wahalar samunsa a gida. Duk da haka mutum 4,000 kawai ake ba wa a shekara.

Matsalar ƙanenka ita ce shekarun. Daga 2018 goman ba ta cika ba, kuma lissafin yana tsayawa ne ranar da aka miƙa masa NTA. Amma a duba takardar da kyau: in babu rana da lokacin zama a jikinta, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Pereira ta 2018 da ta Niz-Chavez ta 2021 cewa irin wannan takarda ba ta tsayar da lissafi. Wannan shi ne abu na farko da zai nuna wa lauya.

Alhaji na Kumasi: Ni fa kan maganar Trump, ban ga laifin mai son rufe ƙofar zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa ba. Ingila ta daina ba da zama ɗan ƙasa don haihuwa kawai tun 1983, Ireland ta yi ƙuri'ar raba gardama a 2004 ta bi sahu. Saudiyya ba ta bayarwa, jikokin tukaru nawa aka haifa a Makka ba su da takarda? Najeriya kanta sai ta hanyar iyaye ko kakanni. Kuma Busia ya kori baƙi daga Ghana a 1969, Shagari ya rama a 1983. Kowa da gidansa.

Malamin Lissafi: Alhaji, da girmanka, ƙasashen da ka lissafa ba su da irin ayar da Amurka ke da ita. Gyara na 14 na kundin tsarin mulkinsu, na 1868, wanda ya ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, an yi shi ne don rushe hukuncin Dred Scott na 1857 da ya ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. A 1898 Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a kan Wong Kim Ark, wanda iyayensa 'yan Sin suka haifa a San Francisco. Waɗanda aka cire kaɗan ne, kamar 'ya'yan jakadu. Umarnin da Trump ya sa wa hannu ranar 20 ga Janairu 2025, a rubutunsa ma ya shafi waɗanda aka haifa bayan kwana 30 da fitarsa ne. Don haka 'yar 2020 ba ta cikin wannan rigima ko ta wace fuska.

Baban Ilham: Mu koma kan ƙanen bawan Allah. Gwamnati ba ta ba da lauya kyauta a wannan kotu, amma tafinta kyauta ne, ya nemi na Hausa tun zaman farko, kuma yana iya roƙon a ɗaga zama ya nemo lauya. Ya tabbatar lauya ne mai lasisi ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, ba masu shagon cike fom ba. Su ne ke tsara wa mutum labarin neman mafaka na ƙarya. Neman mafaka wa'adinsa shekara ɗaya ne da shiga ƙasa, in ba da wani dalili na musamman ba, kuma in alƙali ya yanke cewa da gangan aka ƙirƙiri labarin, an rufe masa ƙofa har abada. Haka auren takarda, ga ɗaurin da zai kai shekara biyar da tarar dala 250,000. Haka nan duk wanda ya taɓa cewa shi ɗan ƙasa ne a fom I-9 na ɗaukar aiki, ya faɗa wa lauyansa tun kafin gwamnati ta tono.

In babu mafita, akwai tafiya don raɗin kai: har kwana 120 in ya nema da wuri, 60 in a ƙarshen shari'a ne. Tana kare shi daga tabon hukuncin kora, amma ba ta ɗauke haramcin shekara 10 da ke kan wanda ya wuce shekara guda ba izini sannan ya fita.

Hajiya Maman Sadik: Wallahi jiran ma azaba ne, shari'o'i sama da miliyan uku ne jibge a kotunan nan, a sa maka rana bayan shekara biyu sannan a sake ɗagawa. Ya yi amfani da lokacin ya tara shaidar zama: takardun haraji, rasiɗin haya, katin rigakafin yarinyar. Su yi mata fasfo na Amurka yanzu da fom DS-11 tun suna tare, domin yaron da bai kai 16 ba sai iyaye biyu sun je da shi. In an tsare ɗaya, sai an bi ta fom DS-3053 na amincewar wanda bai samu zuwa ba, da hatimin mai shaida, abin da ke da wuya daga wurin tsarewa. Su yi mata na Najeriya ma a ofishin jakadanci na New York, sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ta wannan dama ta hanyar iyayenta, sai dai a fara yi mata NIN. Sannan su rubuta takardar wakilci ga amintaccen mutum mai cikakkiyar takarda, su kuma kai sunansa makarantar yarinyar cikin waɗanda aka yarda su ɗauko ta.