Deepfake da Hausa: ni dai na tsaya kan "aron baki"

Jama'ar Damagaram, assalamu alaikum. Ina son mu tsaida kalma ɗaya ta Hausa ga abin nan da Turawa ke kira deepfake, wato bidiyo ko saƙon murya da na'ura ta ƙera da fuskar mutum da muryarsa, yana faɗin abin da bai taɓa faɗi ba. Sunan ya fito ne a 2017, daga wani mai amfani da shafin Reddit. Masu magana da Faransanci ma ba su haɗiye shi haka nan ba, a Kebek ta ƙasar Kanada sun ce hypertrucage. Mu kuwa har yau ba mu sa masa suna ba, alhali ya riga ya shigo cikin wayoyinmu.

Yadda ake yinsa: a ba na'ura muryar mutum da hotunansa, ta koyi motsin leɓensa da hawa da saukar muryarsa, sannan a rubuta mata duk abin da ake so ta karanto da bakinsa. A Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya nuna wata fasaha mai suna VALL-E da ke kwaikwayon murya daga sauti na sakan 3 kacal. A Maris 2022 an yaɗa bidiyon shugaban Yukiren, Zelensky, yana cewa sojojinsa su ajiye makamai, kuma bai faɗa ba. A farkon 2024 a Hong Kong wani ma'aikaci ya tura kusan dala miliyan 25 ta Amurka bayan taron bidiyo da manyansa, ashe duk fuskokin na'ura ce ta yi su.

Abin da ya sa na damu shi ne mu mutanen saƙon murya ne. Ku dubi fada da dare: ana jiran shayi na biyu, wani ya buɗe WhatsApp ya ɗora waya kan tabarma, kowa ya yi tsit, murya ta fito, kafin ta ƙare wani ya ce "wallahi shi ne, na san muryarsa." Kafin a wanke kofuna saƙon ya kai Zango, ya kai Birni, ya kai wayar wata tsohuwa da ba ta karatun boko, wadda kunnenta ne kaɗai shaidarta. Ranar da za a turo mata muryar ɗanta da ke Agadas ko Libiya yana kuka a aiko kuɗi, da wace kalma za mu gargaɗe ta?

Da yawa sun ce mini ai muna da montaj. Ban yarda ba. Mai ɗaukar bidiyon biki ma montaj yake yi, ya yanke nan ya manna can, ba laifi a ciki. Jabu kuwa ta yi faɗi, kuɗi jabu, magani jabu, ba ta nuna cewa wani aka sa wa magana a baki. Sojan gona ta kusa, amma sojan gona mutum ne da ya sa kayan wani ya fito da kansa. A nan babu wanda ya fito.

Hausa ta riga ta ba mu abin. Idan wani ya yi magana da sunanka ba ka aike shi ba, cewa kake yi: kada ka ari bakina ka ci mini albasa. Shi ya ci, kai ke yawo da warin. Aikin wannan na'ura ke nan daidai. Shi ya sa na ce ARON BAKI. Kuma tana juyuwa a harshe ba tare da an wahala ba: "wannan aron baki ne", "an ari bakin Sarki", "masu aron baki sun sake fitowa". Mai karanta labarai a rediyo zai faɗe ta, mai talla a kasuwar Dole ya gane ba sai an yi masa fassara ba.

Wani dattijo, malamin makaranta, ya ja ni a kan haka, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce aro da izini ake yinsa, kuma ana maidowa, don haka satar murya ta fi dacewa. Baba Malam, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma wanda aka ari bakinsa aka ci masa albasa ba a taɓa neman izninsa ba, kowane Bahaushe ya san haka. Sannan akwai inda ake yin abin da yardar mai shi, kamar wanda ciwo ya raba da muryarsa aka ƙera masa irinta. Wannan ba za mu kira shi sata ba. Idan an yi don cuta, sai mu ƙara: aron baki na zamba.

Roƙona ɗaya, kada mu mai da kalmar bargon rufe duk abin da ba mu so. A ƙarshen 2018 Ali Bongo, shugaban Gabon na lokacin, ya yi jawabin sabuwar shekara bayan shanyewar jiki, aka yi ta raɗe-raɗin cewa bidiyon ƙerarre ne, ba a kuwa tabbatar ba, kuma ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Gobe wani zai faɗi magana da bakinsa, in ta yi zafi ya ce aron baki ne. Duk wanda ya ce haka, a tambaye shi hujja.

Saura hoto marar magana, irin na Paparoma Francis cikin farar rigar sanyi da ya zagaya duniya a Maris 2023. A nan baki bai shiga ba. Wata ƴar'uwa ta kawo aron fuska, na kuma karɓa. Mutanen Mirya, Magariya, Matamaye da Tanut, in akwai wata kalma da kuka riga kuka saba da ita a wajenku, ku kawo ta mu gwada.